Madambacin da Ban Saya Ba

Shekara uku na yi ina dafa dambu cikin madambacin da babu shi.

Abin ya faro ne lokacin da surukata Amal ta karɓi albashinta na farko a asibiti, can Lyon. Ita da ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, suka hau jirgin ƙasa suka zo har unguwarmu Stains gaishe ni. Iyayenta mutanen Damagaram ne, amma nan aka haife ta, Hausarta kamar tuwon da bai ji wuta ba. Ta sumbace ni kumatu biyu, ta miƙo mini ambulan.

Ni na san ambulan. Shekara talatin da ɗaya a ƙasar nan bai taɓa kawo mini alheri ba: in ba perfektir ba ce, ofishin takardun zama, kuɗin haya ne, in ba shi ba likita ne yake son ganin jinina. Na buɗe, sai ga wata takarda mai kauri da hoton buta a kusurwa.

Amal ta ce, "Inna, kado ne, kyauta. Ki kai kanti, ki zaɓi abin da kike so na yuro tamanin."

Na ce Allah ya yi albarka. A raina kuwa na ce, a garinmu Tibiri kyauta da hannu biyu ake ɗaukarta, a zagaya da ita gida gida a nuna wa maƙwabta. Wannan me zan nuna wa maƙwabciyata Ramatou? Takarda? Ita ma tana da takardu cike da jaka. Da suka tafi na sa ta ƙasan adaka, tsakanin atamfofin da ba a ɗinka ba, inda nake ajiye duk abin da ban yanke masa hukunci ba tukuna.

Bayan sati biyu Amal ta kira. Daga gaisuwa sai, "Inna, me kika saya?"

Na taɓa ganin hoton butar nan a bakin wani kanti a Barbès, nan kusa da mu, ƙarƙashin gadar jirgin metiro. Sai bakina ya riga ni. Na ce na je kantin Barbès na ɗauko madambaci, babba, mai hawa biyu.

Ta ce, "A Barbès?"

Na ce a Barbès.

Daga ranar, duk kiran da za ta yi sai ta gaishe da madambacin kamar wani ɗan gida. Inna, ina kwana, ina ƙafar, ina madambaci? Ni kuma in ba ta labari. Na ce hannunsa baƙi ne. Na ce murfinsa yana ɗan rawa in ruwa ya tafasa. Wata shekara ma na ce ya faɗi ya lotse a gefe. Ƙarya in ta daɗe sai ta yi tsatsa kamar kowane ƙarfe, in ba haka ba ba a yarda da ita. Sun yi ta cewa in zo Lyon, ni kuma kullum ƙafata ce ba ta bari. In sun zo, a wurin iyayenta suke sauka, su leƙo ni awa biyu, in ce madambacin yana wurin Ramatou aro.

To bana, saura sati uku babbar salla, ta kira ta ce ta samu hutu, kwana biyar za ta yi a ɗakina, kuma so take in koya mata dambun zogale. A cikin madambacinta.

Na gangara hawa na biyu wurin Ramatou, wadda muka yi shekara ashirin muna goge ofisoshi tare. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau.

Ta ce, "Biba, ki je kasuwa ki sayi ɗaya mana, ki buga shi da bango ya lotse. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani. Ƙaryar baki daban, wannan da Allah ne sai mu yi magana. Amma in zuba wa yarinya abinci daga tukunyar da ba tata ba, tana murna, guminta na farko kuma yana aljihun wani ƙato, wannan ba zan iya ba."

Na fiddo takardar na nufi Barbès. Mai kantin, wani Abdou, ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini da yatsu biyu.

"Hajiya, wannan ta mutu. Shekara ɗaya suke yi."

Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba. Sunana ma a takarda da siffa nake gane shi, kamar yadda ake gane akuya cikin garke. Amma duk wanda ya riƙe katin zama a ƙasar nan ya san fuskar kwanan wata: lamba biyu, sanda, lamba biyu, sanda, lamba huɗu. Na san shi a kan sejur, wato katin zaman, na san shi a kan robar madarar yawur, na san shi a kwalin maganin hawan jini. Takardar nan tana da guda ɗaya a sama, ranar da aka saye ta. A ƙasa akwai layin ɗige-ɗige, ba a rubuta komai a kansa ba.

Na ce, "Ɗana, nuna mini ranar da ta mutu in yi mata addu'a."

Ya duba, ya sake dubawa. Sai ya canza hanya. Ya ce ko da rai gare ta ba ta nan ba ce, hatimin kantin wansa ne na Lyon, kuma can kaɗai ake karɓa, don kowa da aljihunsa.

Ranar Laraba na je gidan unguwa, inda ƙungiyar kare masu sayayya take zama. Akwai wata lauya a can, Huseina, mutuniyar Kano, mai taimakon mutane kyauta. Ta ɗora takardar a tebur ta bi ta da biro.

Ta ce, "Mama, a nan mai shago ne yake yanke tsawon ranta. In ya ce shekara ɗaya, ya rubuta, ta wuce, to sai haƙuri ko roƙo. Amma dole ya faɗa wa mai saye tun farko, a rubuce. Ba zai bar wurin fili ba, bayan shekara uku ya ƙirƙiro rana daga kansa. In babu rana, a sanina kina da har shekara biyar ki nemi haƙƙinki."

Na ce, "Ashe ma yarinya ce."

Ta yi murmushi. Ta ce in sani ba za su mayar mini da ita kuɗi ba, kuma in na ɗauki abin da bai kai ba, da wuya su ba ni canji. Ta rubuta wasiƙa da hatimin ƙungiya, ta ce kar in fito da ita sai magana ta ƙi.

Ramatou ta raka ni tasha, tana cewa kuɗin jirgin ya kusa sayen madambacin. Na ce kuɗina ne, kuma ban taɓa ganin Lyon ba. Ban faɗa wa ɗana ba. Nufina in sauka da hantsi, in ɗauki kayana, in dawo kafin magariba, ba wanda ya ji ƙamshina.

A Lyon na nuna wa wata mata hoton butar, ta sa ni a jirgin taram, ta ce in sauka Guillotière. Unguwar kamar Barbès ce aka wanke ta aka shanya. Kantin yana tsakanin mai nama da mai sayar da waya, tukwane har rufi. Mai shi dattijo ne, Alhaji Mounkaila, da ganinsa Bazabarme, abokin wasanmu Gobirawa. Ya dubi tsagar fuskata tun kafin in gama sallama.

Ya ce, "Ikon Allah. Wa ya bar ƙofa buɗe Bagobira ta shigo?"

Na ce, "Na zo duba bayina ne, in ga ko suna cin abinci. Na ga kai kam kana ci."

Muka gaisa sosai, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi. Sannan na fiddo takardar. Fara'ar ta ragu kamar an rage wa murhu wuta. Ya nuna mini wani allo a bayan kes, inda ake biyan kuɗi.

"Hajiya, ga shi nan a rubuce. Wata goma sha biyu."

Na ce, "Allon nan ya zo gidana? Abin da ya zo gidana shi ne wannan. Karanta mini layin ƙasa, kai da ka yi lakwal."

Ya ce yaron kanti ne ya manta bai cika ba.

Na ce, "To yaron ya yi mini kyauta, Allah ya saka masa. Alhaji, da kuɗin yarinyar ya shiga aljihunka, ya ruɓe bayan wata goma sha biyu? In ya ruɓe, fito da shi in gani, sai in tafi."

Mutane biyu da suke zaɓen faranti suka daina zaɓe. Na ciro wasiƙar Huseina, ban miƙa ba, na ɗora ta a cinyata yadda hatimin zai dube shi. Ya dube shi kuwa. Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon littafi da ake yago takardun daga ciki, ya nemo gindin tawa. Can ma layin fili ne. Ya yi tsaki a hankali.

Amma Bazabarme ba ya faɗuwa ba tare da ya riƙo zanen wani ba. Ya ce, "Na yarda. Sai dai ba sunanki a jiki. Ina na sani ko a metiro kika tsince ta? Ga lambar wadda ta saya a nan. In kira ta, in ta ce ke ce, ki ɗauki abin da kike so."

Ya ɗaga kan wayar yana kallona. Ya ga abin da ya gani a fuskata, ya fara murmushi.

"Ko a bar maganar, Hajiya?"

Na yi tunanin ƙofa. Taku shida ce. In fita, in sayi madambaci a kowane kanti, in buga shi da bango kamar yadda Ramatou ta ce, girmana yana nan. Shi kuma ya riƙe kuɗin da yarinya ta samu tana ɗaga marasa lafiya, ya ƙara da labarin Bagobirar da ta gudu.

Na ce, "Buga. Amma ni zan yi magana."

Amal ta ɗauka da faransanci. Na ce, "Amal, ni ce. Ina kantin mai buta. Na Lyon."

Ta ce, "Inna, kar ki motsa."

Ba a yi rabin awa ba ta shigo, rigar aiki a ƙarƙashin kwat. Ta gaishe da Alhaji, ta durƙusa gabana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Inna, ina ƙafar?" Ta ɗan dakata. "Ina madambaci?"

Na ce, "Yana kan kanta can sama, na uku daga hagu. Bai lotse ba tukuna."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, tun ranar farko na sani. Da zan saya Alhaji ya faɗa mini nan kaɗai ake karɓa, ban da Barbès. Shi ya sa na saya a nan. Na ce in kina son kayanki, dole ki zo, ki ga gidanmu."

Na dube ta da kyau. Shekara uku yarinyar nan tana tambayata lafiyar tukunyar da ta san babu, da muryar nan tata ta marainiya, ni kuma ina ƙara gishiri. Har na tausaya mata ranar da na ce ya faɗi. Ashe hutun sallar ma tarko ne. Ni da nake cewa ɗana ya auro ruwan sanyi.

Na ce, "Ai na gane tun tuni. Ina gwada haƙurinki ne."

Ta ce, "Na sani, Inna."

Alhaji Mounkaila ya hau tsani da kansa ya sauko da madambacin, yana gunaguni cewa Gobirawa biyu a rana ɗaya sun fi ƙarfin kantinsa. Amal ta ce ita Badamagara ce. Ya ce ta riga ta lalace. Madambacin bai cinye takardar duka ba, kuma na tuna zancen canji, don haka na ƙara rariya da ludayi biyu da wani ɗan kwano, har sai da ya ce na wuce da yuro ɗaya, ya yafe don in fita. Kafin in tashi na ga ya jawo littafin yana bin sauran takardun ɗaya ɗaya da biro, yana cike layin ƙasa.

A bakin kanti Amal ta rungumi kwalin ta ce za ta raka ni tasha, in jirgin yamma nake so. Na ɗaga kwalin na ji nauyinsa. Bai fi jikan da ake goyo ba.

Na ce, "Wannan ya fi ƙarfin ƙafata. Ba zan iya hawa jirgi da shi ba. A ajiye shi gidanku."

"To dambun salla fa, Inna?"

"Inda tukunya take, can ake dambu. Akwai zogale a garin nan, ko shi ma sai na kawo?"

Ta ce akwai busasshe a kantin da ke kusurwa. Muka tsallaka titi, ita da kwali, ni da ludayi. A hanya na ce ta kira mijinta ta ce ya sayo katifa mai kyau, don bayana ba ya son ta soso, kuma ta kira Ramatou ta ce ta shayar mini da na'ana'ar da ke taga har bayan salla.