Taswirar Hulda

A shekarar 1999 Hulda ce ke riƙe da rajistar marasa lafiya a asibitin mishan. Ɗiyar mai bishara ce, ta yi lakkwal, wato boko, a Tawa, kuma ita kaɗai ta iya taɓa odinatar, wato kwamfutar da wata likita Baturiya ta bari da za ta koma gida. Kafin matar ta tafi ta koya mata yadda ake gina shafin intanet, irin wanda mutum zai latsa wuri ya ba shi amsa.

Da rani ya kama, yara masu ƙyanda suka fara yawa. Hulda tana rubuta sunaye da garuruwa kullum, amma a takarda ba ta ganin komi sai layi bayan layi. Sai ta ɗauko taswirar Madawa da Buza, ta kwafe ta cikin na'ura, ta sa wa kowane gari ɗigo. Ƙauyuka da yawa babu su a taswirar gwamnati. Nan Tsoho ya taimaka, wani manomin dawa daga Tudun Kalgo da ke jinyar ƙafarsa a asibitin. A ƙuruciyarsa ya yi fatauci da jakai, ya san kowace hanya.

"Ba nan taka ba, ɗiyata," in ji shi, yana nuna gilashin na'urar da ɗan yatsa. "Matsa da ita gabas ga hwadama. In kin aje ta nan, kin sa mutane cikin dutsi."

Sati uku ta yi tana fama. Wani lokaci ta latsa Urno lissafin Galma ya fito. Wani lokaci wuta ta ɗauke, aikin yini ya tafi. A ƙarshe dai abin ya tsaya: in ka latsa gari, yawan yaran da aka kawo daga can ya bayyana, in ka ja wani ɗan maɓalli a ƙasa, makonni su wuce ɗaya bayan ɗaya, ɗigon ya kumbura ya yi ja.

Ranar da ta fara jan maɓallin daga farko har ƙarshe, ta ga hanyar da cutar ke bi. Jan ya tashi daga wajen Urno, ya shiga Madawa, ya haura Galma, yana bin ranakun kasuwa. Duk wanda ya kalla ya san inda ya dosa. Tudun Kalgo na kan hanya, sati uku ko huɗu.

Babban likita ya kalla ya ce allurar rigakafin da ke firjinsu ba ta kai ta gari biyu ba. Ya ba ta sunan wani Mushe Nuhu, na ofishin wata ƙungiyar agaji a Tawa. Ta gwada tura shafin ta layin talho, layin ya yanke sau biyar. Ta zuba shi a disket, ta shiga motar kasuwa.

Mushe Nuhu ya karɓe ta da fara'a. Ya ja maɓallin gaba, ya ja shi baya, ya kira abokan aikinsa su zo su gani.

"Madamazel, ke da kanki kinka yi wanga? Ko a Yamai ban ga irinai ba!"

"Mushe, dubi nan. Garuruwa tara ne. In an kai allura cikin sati biyu..."

"Na gani, na gani. Sai dai tsarinmu na bana rijiyoyi ne. Zan aika sama. Ki bar mini disket ɗin."

Ta bar masa. A mota ta yi ta lissafin kwanaki har Madawa.

Tsoho ya riga ya koma gida. Ta aika masa saƙo ta bakin wani direba cewa a hana yara zuwa kasuwa, a raba mai zazzaɓi da sauran. Amma rijiya ɗaya gari ke sha, kuma yaran ne ke ɗibar ruwa.

A sati na huɗu amalanke ya shigo da yara uku daga Tudun Kalgo. Kashegari biyar. Hulda ta shigar da su kamar yadda take shigar da kowa. Cikinsu akwai Asiya, jikar Tsoho, ƴar shekara uku, wadda cutar ta sauka mata a ƙirji. Kwana biyu ta yi, ta rasu.

Bayan sadakar bakwai Tsoho ya zo karɓar maganin ƙafa, ya leƙo ofishin. Ta miƙe ta yi masa gaisuwa.

"Baba, Allah shi jiƙan ta. Na yi ƙoƙari, na tai har Tawa."

"Na sani. Gwada mini garinmu."

Ta latsa. Ɗigon ya cika ja, lamba ta fito a gefe: ashirin da shida.

"Wacce ta Asiya a ciki?"

"Ba a ganin mutum ɗaya, Baba. Duka ne a haɗe."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce to, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Takardar Mushe Nuhu ta iso a watan biyar. Ya ce manyansu sun yaba ƙwarai, za a nuna taswirar a wani taro a Yamai. Yana roƙon ta sa tambarin ƙungiyar a sama, kuma in da hali ta rage jan, don ya yi tsanani a ido. Bai ambaci allura ba.

Ta ninke takardar ta sa a aljihun tebur, ta jawo rajistar ranar. Yara huɗu ne sababbi, duka daga Garhanga, can ƙasar Keita. Ta nemi garin a shafin ba ta same shi ba, domin taswirar tata a Buza ta tsaya. Ta tashi ta je ɗakin jinya tana tambaya ko akwai wanda ya san hanyoyin Keita.