Sitiyarin Kwalekwalen Malam Ashafa

Wani dare da damina, an idar da isha'i ke nan, Malam Ashafa ya ji wani abu yana dukan bangon gidansa a Panshekara: bum, shiru, bum. Ya ɗauki tocila ya leƙa. Ashe wani shuɗin duro ne na roba, irin na kamfanonin jima na Challawa, ruwa ya biyo da shi ta kwata, yana ta rausaya kamar ana yi masa kiɗa.

Ya daɗe yana kallonsa. Tun da ya bar aikin gadi a masaƙa, abu ɗaya ke damunsa: gonarsa ta gado tana ƙetaren kogin Challawa. Da rani da ƙafa ake tsallakawa, amma in ruwa ya kawo sai dogon zagaye ta gada, gwiwoyinsa kuwa sun daina yarda. Bara shanu ne suka cinye masarar, bai gasa ko goyo ɗaya ba. Ta bana ma ga ta can ta kusa nuna, yana hango korenta daga gaɓa.

Ya nemo ƙarin durarruka ya tsaga su, ya haɗa da katako, ya liƙe da kwalta. Abin ya fito dogo siriri, mazaunin mutum ɗaya. Matarsa Jummai ta ce sak kwamin shayar da shanu. Ya ɗaura farantan roba a bakuna biyu na wata gora, abin tuƙi ya samu.

Sai ga maƙwabcinsa Mamman, tsohon direban tirela a Dakata. Ya zagaye kwalekwalen yana girgiza kai.

"Malam, ina sitiyari?"

"Kifi sitiyari gare shi?"

"Kifi ai Allah ne ya yi shi, wannan kuwa kai ka yi. Na tsufa a kan titi, ban taɓa ganin abin da ke tafiya ba sitiyari ba sai mahaukaci."

Mamman bai jira amsa ba. Ya tafi Sharada wurin mai walda, ya dawo da sitiyarin tsohuwar mota, da sarƙar keke, da bakin shebur da zai zauna a baya cikin ruwa. Ya yini yana ɗaurawa, gumi har gemu.

Abin da direban ya manta, Challawa faɗi gare ta, ba zurfi ba. Ranar da aka saka kwalekwalen a ruwa, Malam Ashafa bai yi nisa ba shebur ɗin ya cake cikin yashi. Kwalekwale ya shiga juyawa a wuri ɗaya.

"Yanke hagu!" in ji Mamman daga gaɓa. "Ba da ribas, Malam!"

Shi kuwa Malam yana zaune abinsa. Ya ga hayaƙin kamfanoni, ya ga gonarsa, ya ga Mamman yana ɗaga hannu, ya sake ganin hayaƙin. Har ga Allah juyin ya yi masa daɗi. Amma da ya hangi garken shanu yana gangarowa wajen gonar, sai ya dira cikin ruwa iya ƙugu, ya kwance shebur da sarƙa, ya koma ya kama gorarsa. Dama, hagu, dama, hagu, hancin kwalekwale ya miƙe.

Da la'asar ya dawo da masara cike da gaban kwalekwalen. Mamman yana nan tsugune a gaɓa, ya sunkuyar da kai. Ganin haka, Malam Ashafa ya ajiye gora, ya kama sitiyarin da hannu biyu yana murzawa a hankali, ruwa ya ƙaraso da shi.

"Sannu da hanya, direba!" in ji Mamman, fuska ta washe.

Da yamma aka jawo kwalekwalen ƙofar gida, aka hura gawayi. Maƙwabciyarsu Fanna mai kunu ta karɓi nata goyon, ta tsaya tana duban sitiyarin, wanda yanzu buta da rediyo ke rataye a jikinsa. Ta leƙa ƙarƙashinsa, ta leƙa bayan kwalekwalen.

"To wai Malam, shi wannan ɗin me yake juyawa?"

Jummai ta ci gaba da fifita. Mamman ya juya masararsa a kan wuta.