Abincin da Halliru Ya Zaɓa

Rahina ba ta taɓa shiga jirgin sama ba sai da cikinta ya kai wata shida. Da ta san yadda zancen abinci kaɗai zai cinye mata mako biyu, da tun farko ta ce wa masu gayyatar su nemi wata.

Ma'aikaciyar jinya ce a Bukkuyum. Tun shekarar da gubar dalma ta yi ta kwashe yara a ƙauyukan da ake dakan dutsen zinariya cikin gida, lokacin tana sabuwar fitowa daga makaranta, take bin Tungar Guru da maƙwabtanta a bayan babur, tana duba yara, tana roƙon mata su fitar da turmin dutse daga tsakar gida. Shi ya sa da wata ƙungiya ta shirya taro a Addis Ababa kan wannan matsala, aka ce ta zo ta faɗi abin da ta gani da bakinta.

Likitan da ke duba ta a Gummi, Likita Zayyad, ya ba ta takardar izinin tafiya ba tare da wata gardama ba. Ya dai ce ta ci abin da aka dafa yana tururi, ta bar naman da aka yanyanka aka sa a sanyi, ta bar ɗanyen ganye da madarar da ba a tafasa ba, ta sha ruwan gora da yawa, ta riƙa tashi tana miƙe ƙafa.

"Likita, abin da nake gaya wa mata ke nan kullum," in ji Rahina.

"Na sani. Masu gaya wa mutane su suka fi mantawa."

Ta dawo gida tana ganin magana ta ƙare. Ashe ba ta ma fara ba, don mahaifiyarta, Inna Turai, ta ji labari ta taso daga Gwashi da ƙullin kayanta.

"Abincin sama?" in ji Inna, tun ba ta cire mayafi ba. "Wa ad dafa shi? Ina aka yanka? Kin taɓa ganin murhu bisa gajimare?"

"Inna, a ƙasa ake dafawa, a ɗauka a sa cikin jirgi."

"To kwananniya ce ke nan. Ɗiyata da ciki ta ci kwananniyar mutanen da ban san ubansu ba!"

Daga ranar gidan ya koma kamar ana shirin suna. Inna ta yi dambun nama, ta soya gyaɗa, ta daka yaji har maƙwabta suna atishawa. Mata suka riƙa shigowa da shawara. Wata ta ce mai ciki in ta ci shinkafa a sama, yaron zai fito da yawan kuka. Wata ta ce a'a, ƙwai ne. Wata da ƙanin mijinta ya taɓa zuwa Umara ta ce ana ba da wani abu rawaya mai rawa a ƙaramin kwano, kada ta ko kalle shi. Rahina, wadda ta karɓi haihuwar rabin matan nan da hannunta, ta zauna tana cewa "to, to" har muƙamuƙinta ya gaji.

Mijinta Halliru malamin firamare ne, mutum mai son taimako ko an neme shi ko ba a neme shi ba. Shi ya gano cewa kamfanin jirgin yana bari fasinja ya zaɓi abinci na musamman kafin ranar tafiya.

"Bar shi, Malam," ta ce. "Likita ya ce wanda ake ba kowa ya isa, in dai da zafi."

"Kowa ai ba ciki gare shi ba. Ke dai huta."

Ya karɓi takardar tikitin, ya hau tudun bayan makaranta inda intanet ke kamawa, ya yi kusan awa biyu. Ya dawo yana murmushi irin na wanda ya gama ginin rijiya. Ta tambaye shi me ya zaɓa, ya ce ta jira ta gani. Ranar ƙafafunta sun kumbura, Inna kuma tana tsakar gida tana faɗa da tukunya, sai ta ƙyale shi.

Ran tafiya Inna ta ɗanƙa mata jarka cike da fura da nonon da ta karɓo a ruga. Rahina ta san nonon nan bai ga wuta ba, ta san ba za ta sha ba, amma ta san in ta faɗa motar Sakkwato za ta tafi ta bar su suna musu. Ta karɓa. Furar ta bi ta Sakkwato, ta shiga ƙaramin jirgi zuwa Abuja, ta kwana a masauki tana tsami. Washegari a wurin binciken kaya jarkar ta kumbura ta yi ciki kamar mai ita. Jami'in ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Madam, mene ne wannan?"

"Ka riƙe," in ji Rahina. "Don Allah ka riƙe."

Wannan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne tun kafin nan an auna jakar hannunta an ce ta yi nauyi, sai dai a tura ta cikin kaya. Sai da jakar ta shige bayan labulen roba sannan ta tuna dambun da gyaɗar duk suna ciki. Ta shiga babban jirgi bayan azahar da takardar likita, da waya, da yunwa, don rabonta da abinci tun shayin safe.

Kusa da ita wani dattijo ne ɗan kasuwar fata daga Kano, Alhaji Shitu, wanda kafin jirgi ya tashi ya riga ya gaya mata wannan ce tafiyarsa ta talatin da ɗaya. Da aka daidaita a sama, ƙamshin abinci ya fara zagayawa, sai ga wata ma'aikaciyar jirgi ta nufo su da tire ɗaya tak, tana duba lambar kujera. Ta tsaya a kan Rahina, ta leƙa cinyarta, ta leƙa ƙarƙashin kujera, sannan ta tambaya da Turanci:

"Ina jaririn?"

"Wane jariri?"

"An yi odar abincin jariri a wannan kujera."

Rahina ta dubi tiren. 'Yan kwalabe ne guda biyu, kowacce ba ta wuce kwalbar man zafi ba, ɗaya nikakken tuffa, ɗaya nikakken karas, da cokali ɗan mitsitsi mai hoton zomo. Ta rufe ido ta ga Halliru a kan tudun bayan makaranta yana murmushi.

"Jaririn yana nan," ta ce, ta nuna cikinta. "Sai nan da wata uku zai sauka."

Alhaji Shitu ya yi dariya har hularsa ta zame. Ma'aikaciyar ta danne tata da ƙyar, ta ba da haƙuri, ta ce abincin a ƙirge yake, sai an gama raba wa kowa za a ga abin da ya rage. Ta ajiye tiren ta wuce.

Keken abinci ya taho a hankali, kujera bayan kujera, ya tsaya a kansu, aka miƙa wa Alhaji nasa, aka tsallake ta. Ya buɗe shinkafa da kaza, tururi ya tashi ya doki hancinta. Abin cikinta ya yi wani juyi ya harbe ta a haƙarƙari.

"Hajiya, ba zan ci ki kalla ba," in ji Alhaji. Ya riƙe shinkafarsa, ya turo mata ƙaramin kwanon da ke gefe: latas ɗanye da yankan nama mai sanyi, ja-ja-ja. "Bismilla. Ni dama ba na cin ganye."

"Na gode, Alhaji. Likita ya hana."

"Likita! Matata ta haifi tara, ba abin da ba ta ci. Ci abinki."

"Na gode."

"Ai halak ne, na tambaya tun tafiyata ta farko."

"Ba zancen halak ba ne, Alhaji, zancen sanyi ne. Irin wannan in ya jima..."

"To ai jirgin gaba ɗaya sanyi ne."

Ta juya ta kalli taga, tana ƙirga gajimare don kada ta faɗi abin da zai sa ta yi istigfari. Tun daga Bukkuyum har nan, duk wanda ya ga cikin nan sai ya zama likita, ita kaɗai ce ba a yarda ta san komai ba.

Yunwa ta ci gaba da aikinta. Kanta ya yi nauyi, kuma ta san sukarin jininta ne ya sauka. Ta ɗauki kwalbar tuffan ta juya ta. Murfin a liƙe yake, an dafa abin da ke ciki, kwanan lalacewarsa da saura. Duk cikin jirgin nan babu abin da ya fi shi cika sharuɗɗan Likita Zayyad, kuma wannan ne ya fi komai ba ta haushi. Ta murɗe murfin ya yi ƙara, ta ɗauki cokalin zomo, ta cinye cikin loma biyar. Karas ɗin ba gishiri ba komai, kamar an jiƙa takarda. Shi ma ta cinye. Alhaji yana kallonta ta gefen ido, kafaɗunsa suna motsi.

Can ma'aikaciyar ta dawo da shinkafa da kifi, ta ce shi kaɗai ya rage. Rahina ta ɗaga murfin, ta sa bayan yatsa. Ɗumi-ɗumi, ba tururi.

"Don Allah a mayar da shi wuta."

"Madam, ai da ɗuminsa."

"Na ji ɗumin. Zafi nake so, irin wanda zai ƙona ni."

Matar ta ja numfashi, ta ɗauka ta tafi. Da ta dawo sai da Rahina ta riƙe kwanon da gefen mayafi. Ta ci tas, ta sha ruwa gora biyu, ta tashi Alhaji daga barci sau uku don ta wuce ta miƙe ƙafa, kuma ko sau ɗaya ba ta ji nauyinsa ba.

Suna sauka, tana jiran jakarta, ta samu sabis ta kira gida. Halliru ya ɗauka tun ƙarar farko.

"Kun sauka lahiya? An kawo maki?"

"An kawo, Malam."

"Madalla! Na duba jerin nan kakaf, na ce wanda aka yi wa jarirai shi za a hi kula da tsabtarsa."

"Kwalba biyu, Malam. Da cokali mai zomo. Suka cire ni daga abincin manya."

Ta cikin wayar ta ji kukan akuya daga can gida.

"Cirewa suka yi? Ni na aza ƙari ne bisa naki."

"Ba ƙari ba ne."

"Subhanallahi." Ya yi gyaran murya. "To... na dawowa ma shi na sa."

Rahina ta jingina da keken kaya, ta dafa goshi. Jakarta ta zo ta wuce ta gabanta, ba ta ko miƙa hannu ba.

"Bari in hau tudu yanzu in gyara," in ji Halliru da sauri.

"Kada ka hau ko'ina. Kada ka taɓa komai. Ni zan gyara da kaina."

"To. Amma Rahina, don girman Allah, kada ki gaya wa Inna."

"Tana kusa?"

"Tana tsakar gida."

"Ba ta wayar."