Kiɗa Babu Murya

Motar da za ta kai Malam Isyaku ƙauye tana ƙofar gidansu a Tarauni tun hantsi, direban har ya gaji da danna oda. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, mutumin da ya yi shekaru yana sanƙiranci a gidajen biki bai sake cewa uffan ba. Likita ya ce a ci gaba da kawo shi. Ƙanensa, Baffa Ƙasimu, ya ce wahala ce kawai.

"Ya furta kalma ɗaya a gabana, in sallami motar nan," in ji shi. Ya faɗa ne don ya tabbata ba za a yi ba.

Fiddausi, 'yar Malam, mai gyaran kayan sauti a Gyadi-Gyadi, ta riƙe wannan magana gam. Tana da faifan wani tsohon biki a kwamfuta, kalangu na tashi, mahaifinta na zuba kirari. Ko in ya ji muryarsa bakin zai buɗe? Amma kunnensa ya yi nauyi, sai da babbar lasifika. Ta ɗauko ɗan akwatin da ta haɗa da hannunta, mai karɓar sauti daga kwamfuta ya miƙa wa amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, ta jona a tsakar gida.

Kalangu ya cika gidan. Murya kuwa babu, ko ƙyas.

Ta sa faifan a wayarta, ga muryar nan raɗau. Ta mayar da shi ta akwatin, muryar ta sake ɓacewa.

"Na'urar ma ta kamu da ciwon ubanki," in ji Baffa. "A fito da tabarmarsa."

"Baffa, don Allah, ɗan ƙara min lokaci."

Ta kwance akwatin, gumi na ɗiga a kan allon wayoyin da ke cikinsa. Kowane ɓangare, hagu da dama, wayoyi biyu ke fitar da sautinsa, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ta auna da mita, duk lafiya. Ta canza kebul. Ta yi salati, ta zagi akwatin. An riga an ciccibi Malam an nufi soro da shi.

Sai idonta ya faɗa kan ɓangaren dama. Ranar da ta haɗa shi jar waya ta ƙare mata, ta sa baƙa duka biyu, ashe ta juya su. Hagu na turawa, dama na ja, muryar da ke fitowa daidai ta ɓangarorin biyu suna cinye ta in sun haɗu a lasifika ɗaya, kalangu da ke gefe guda ya tsira. Ga shi ta baro ƙarfen narka dalma a shago. Ta cusa ƙusa cikin garwashin Inna, mahaifiyarta, ta kama da filaya, ta narka dalmar da ita, ta sauya wayoyin, ta ƙona yatsa ba ta ma ji ba.

Muryar ta fashe a gidan, ƙatuwa, mai garɗi, tana wasa wani ango.

Masu ɗauke da Malam suka tsaya cak. Fiddausi ta ruga ta durƙusa a gabansa. Hawaye na bin kumatunsa, leɓensa na kokawa. Ya dube ta da wani irin roƙo da ya sa ta ji kunyar kanta.

"Ka...she," in ji shi.

Baffa ya fita wajen direba ya sallami motar. Fiddausi ta kashe, tana kuka.