Maƙoƙon da Aka Cire

"Cutar da aka cire ta ciru," in ji Hedimasta. "Da idona na gan ta a cikin kwano, likita ya nuna mini. Mai lafiya ba ya shan magani."

A bakin ƙofarsa yake faɗin haka, ni kuma ina tsaye gabansa kamar ɗalibin da ya makara. Ta bayansa ina hango matarsa, Tela, zaune a tsakar gida da rana tsaka, ta ƙudundune cikin bargo biyu. Mu muna sharce gumi, ita tana rawar sanyi.

Autarsu ce ta turo ni. Ta tare ni zan shiga mota, idonta jajur. "Kawu, don Allah ka yi wa Baba magana. Kai ka yi jami'a, zai saurare ka. Na sayo wa Mama ƙwayar maganinta a ɓoye, ya gani, ya zuba a masai."

Bara aka yi wa Tela aikin maƙoƙo. Wuyanta ya koma sumul, aka sallame ta da sharaɗi ɗaya: ƙwaya guda kowace safiya, iyakar rayuwarta. Wannan sharaɗin ne bai kwanta wa Hedimasta ba. Dabarar masu kantin magani ce, in ji shi, kuma shi ba a ci da shi.

Na yi iya yina. Na ce masa ɗan naman nan na gaban wuya shi ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. An cire shi gaba ɗaya, ƙwayar ce ke yin aikinsa. In babu ita, wutar za ta yi ta ja baya har ta mutu.

"Malam, me ka karanta a jami'ar?"

"Tarihi."

"To ka tsaya a kan matattunka, ka bar mini masu raina."

"Malam," Tela ta ce mini daga cikin bargo. Muryarta ta yi kauri kamar ta namiji, kowace kalma sai ta huta a hanya. "Bar shi. Gajiya ce kawai."

Fuskarta ta kumbura, gashin girarta ya zube. Matar da a dā ƙarar keken ɗinkinta ke tashin layinmu, yanzu barci ke sace ta da allura a hannu. Masu ɗinki suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe yadinsu. Hedimasta, wanda ya ƙare aikinsa yana farautar malalata, bai sha wuyar gano cutar ba. Lalaci ne. Ya yanke mata magani: tashi da sassafe, da wanka da ruwan sanyi.

Wata safiya Auta ta kusa ɓalle mini ƙofa. "Kawu, Mama ba ta tashi ba! Tana numfashi, amma ba ta tashi ba!"

Mu uku muka ciccibe ta zuwa motata. Jikinta sanyi ƙalau, kamar tulu. Duk hanya Auta na murza mata tafin hannu tana kiran sunanta, Hedimasta kuma na gyara mini tuƙi.

A asibiti, likitar da ta karɓe mu ta ga tabon wuyan, ta ɗago. "An cire mata duka ke nan. Yaushe rabonta da ƙwayar?"

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Tambaya nake. Wa ya hana ta sha?"

Hedimasta ya duƙufa karanta wata sanarwa a bango. Ban taɓa ganin mutum ya ƙanƙance haka a tsaye ba. Auta ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Ni ce," ta ce. "Ni ke ba ta. Mantawa nake yi."

"Mantawa? Uwarki?"

Na buɗe baki, Auta ta girgiza mini kai.

Tela ba ta farka ba. Washegari da yamma aka ja mata mayafi.

Kafin 'yan ta'aziyya su watse, labarin ya zaga dangi. Hedimasta ma ya samu murya. "Na yafe mata," yake gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi. "Yarinta ce."

Gwaggonnin Auta na jere a inuwa, suna magana ƙasa-ƙasa, ba ƙasa sosai ba. Auta na tsugune a bakin famfo, ta ba su baya. Tana wanke kofunan baƙi, tana kife su a kan faranti.