Taron da Kamfani Bai Zo Ba

Tun ranar da jirgin ƙasa na kaya ya sauka daga layinsa ya kife a bayan unguwa, ruwan rijiyar Mai Lambu ya koma warin fenti. Tankokin jirgin sun fashe, abin da ke cikinsu ya bi ƙasa ya gangara rafi. Latas ɗin Mai Lambu ya bushe a tsaye, kajin matarsa suka mutu, ita kuma ta kamu da tarin da ba ya jin magani.

Kamfanin jirgin bai yi nawa ba. Kafin hayaƙi ya washe an shimfiɗa sabon layi a kan ƙasar da ta sha guba. Ƙanen Mai Lambu na cikin leburorin.

"Yaya, na gaya musu ƙasar na wari," ya ce. "Suka ce in zuba tsakuwa in yi shiru."

Da ƙorafi ya yi yawa, gwamnati ta kira taro a makarantar unguwa. Aji ya cika, wasu ta taga suke leƙe. Jami'in da aka turo ya ce wakilin kamfani ba zai zo ba, wai yana tsoron lafiyarsa.

"Ashe shi ma ya ji labarin iskar tamu!" in ji Tela, wani ɗan unguwar. Aka yi dariya, ba ta daɗi ba.

Jami'in ya ce an gwada ruwa, lafiya ƙalau yake. Wata malama ta tambayi wanda ya gwada. Ya yi gyaran murya, ya ce masanan da kamfani ya ɗauko.

Mai Lambu ya miƙe, ya ajiye gorar ruwan rijiyarsa a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, bismillah. Kurɓa ɗaya kawai."

Jami'in ya ture gorar gefe, ya ce za a kafa kwamiti.

Washegari mutanen unguwa suka zauna a kan layin dogo don tare jirgi. 'Yan sanda suka zo kafin azahar, suka tafi da Tela, saura suka watse. Kwamitin kuwa ba wanda ya ga ƙeyarsa.

A kasuwa, da an ji daga inda kayan lambu suka fito sai a wuce. Mai Lambu ya yanke shawarar sayar da gidan su ƙaura. Dillalin da ya kira ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi iska, ya ce zai dawo. Bai dawo ba.