Abin Wuyan Wadata

A shekarar da damina ta sake yi mana rowa, samarin ƙauyenmu, nan gefen Kamarawa, duk suka watse cin rani tun kafin a gama tattara ɗan abin da gonaki suka bayar. Kalilu na cikinsu. Ya ƙulle 'yan tsummokaransa ya nufi Kudu, ya bar wa uwarsa, Inna Safiyatu, rumbun da rabinsa iska ce, da akuya guda, da kare.

Sunan karen Wadata, don a shekarar da gero ya yi kyau aka haife shi. Yanzu kuwa in ya gifta, daga nesa kana ganin haƙarƙarinsa, mutane su kira sunan su fashe da dariya. Ja ne, dogo, mai siririn kai, ga tsoro kamar me. Kaza ma tana iya tashinsa daga inuwa ta kwanta.

Inna Safiyatu ba ta son kare, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Hannunta bai taɓa sauka a jikinsa ba. In ya matso kusa da murhu, muciya take ɗauka. Ko sunansa ba ta kira, sai dai ta ce "karen wancan", domin Kalilu ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta ambace shi. Amma mu maƙwabta muna da ido. Duk ranar da ta jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da yunwa ta koya mana ci, ta dafa da ɗan dusa, sai an ga wani abu a kaskon da ke bayan rumbu. In ka tambaya, ta ce ƙonewa ya yi, ba ya ciyuwa. Ban taɓa ganin macen da girki yake ƙone mata kullum daidai cikin kare ɗaya ba sai ita.

Ana nan sai fitina ta taso. Makiyayan da shanunsu suka mutu a arewa, wajen Nijar, sun wuce sun bar karnuka a baya. Karnukan suka haɗa gungu a daji, suka fara kama 'yan awakin mutane da rana tsaka. Dattawa suka zauna, suka yanke cewa a gayyato maharba daga ƙauyukan kewaye. Duk karen da aka gani babu komai a jikinsa da ke nuna yana da mai shi, na daji ne, a harbe.

Shugaban maharbanmu, Sarkin Baka Jibrilla, ƙanin marigayi mijinta ne, don haka abokin wasanta. Shi ya kawo mata labari, yana murmushi tun daga ƙofa.

"Matata, ki samo ma angonki Wadata abin wuya. Baƙin maharban ga ba su san shi ba, ni kau ba ni iya tsayawa ko'ina."

"Angonka dai," in ji ta. "Su harbe in huta. Mi shika yi mani ban da ci?"

"To, madalla. In wancan ya dawo, sai ki hwaɗa mai da bakinki."

Ranar da Kalilu zai tafi, bai ce ta kula da rumbu ba, bai ce akuya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Inna, ga Wadata nan." Tun daga lokacin ko saƙon baki ba ta samu ba. Tana kewar ɗanta ƙwarai, ba ta da halin faɗa, kuma karen nan shi kaɗai ne amanar da ya bar mata.

Kada ka ce me ya hana ta kulle shi a gida. Wane gida? Dangar kara tuni aka zare ta aka ba dabbobi, ɗaki kuwa asabari ne ƙofarsa. Ta jefa masa igiyar kaba a wuya ta ɗaure a turke. Wadata ya ja da baya sau ɗaya, igiya ta zame ta kan kunnuwansa, ya tsaya yana kaɗa mata jela.

Sai batun baduku, a kasuwar Bafarawa. Amma kafin nan sai an auna wuya, ga shi ba za ta taɓa ba. Ta jira ya sa kai a kasko, ta ɗora masa zaren rama a ƙeya da bakin muciya, ta zaƙulo ɗaya gefen da kara, ta haɗa, ta yi alama da gawayi. Laraba maƙwabciyarta tana leƙe, har sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

Attahiru baduku ya karɓi zaren ya baje mata kaya. Ga jar fata mai ado irin ta layu, ga kiri mai tauri irin na jakai, ga wani mai 'yar ƙararrawa da ake sa wa raguna.

"Wanne kike so, Inna?"

"Kowanne. Kare za a sa ma, ba amarya ba."

Ya ɗauko kiri. Ta ce wannan zai yanke masa wuya. Ya ɗauko mai ƙararrawa. Ta ce so yake karnukan daji su ji inda yake? Ya ɗauko wata baƙar fata, ta ce maharbi ba zai hango baƙi daga nesa ba. Ya ɗauko ja, ta ce karen ma ja ne, ina amfanin? Wadda ta ce kowanne, sai da rana ta karkata tana zaɓe. A ƙarshe aka tsaya kan farar fata mai faɗi.

Nan Attahiru ya yi abin da kowane badukunmu zai yi. Ya ɗora zaren a kan fata, ya ga alamar gawayi, ya ƙara 'yan yatsu. Mu nan ba a yi wa mai rai abu cif-cif. Takalmin yaro, rigar yaro, har kambun hannu, duk sai an bar wurin girma. Ita ma ta gani, ta gyaɗa kai, don haka ya kamata. Babu wanda ya tuna cewa a shekarar nan ba abin da ke girma.

Jibrilla ne ya zo ya sa wa karen. Wadata ya yi taku kaɗan cikin ƙasaita, ya sunkuya zai shinshina ƙasa, abin wuya ya sulluɓo ya faɗi gabansa. Ya tsallake shi ya wuce.

"Angon naki ya ƙi lehe," in ji Jibrilla.

Ya zauna da basilla ya rage, ya ɗinke shi daram. Wannan karon ya zauna, sai dai fatar sabuwa ce, tana gurzar wuya, kare ya wuni yana susa yana kuka. Laraba ta ce ai sabuwar fata mai take so, haka ake yi wa takalmi. Inna Safiyatu tana da ɗan man shanu a ƙoƙo, wanda ta ɓoye don magani, ita kanta ba ta lasa. Ta sa Jibrilla ya kwance, ta mulke fatar ciki da waje har tana ƙyalli, aka mayar.

Da la'asar muna zaune a gindin tsamiya sai muka ga karnukan unguwa sun kewaye Wadata. Muka zabura, mun ɗauka faɗa ne. Ashe biki ne. Wannan na lasa, wancan na tauna, shi kuwa gogan ya miƙe wuya ya lumshe ido, ya ga yau ya yi farin jini. Kafin a kai musu jifa, fata ta tsinke, kowa ya ja rabonsa. Guntun ƙarshe Wadata ne ya kwanta ya cinye da kansa.

Muka yi dariya har da hawaye. Da na juya sai na ga Inna Safiyatu tsaye a ƙofar gidanta, ita ba ta dariya. Kasuwa ta wuce, maharba kuma gobe za su zo.

Da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga, aka fara ganinsu suna shigowa da bindigoginsu a kafaɗa. Inna Safiyatu ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, baƙi da fari, irin wanda mata ke ɗaure goyo da shi. Laraba ta dube shi da kyau.

"Inna, wanga ba shi na kinka goyi..."

"Tsumma na," ta katse ta.

Ta tsaya a kan kare tana kallonsa, shi ma yana kallonta, yana jiran muciya. Sai ta yi bismilla ta durƙusa. Ta dafa bayansa.

"Wuyan ga ba ya riƙon komi," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ƙirji za ni kamawa."

Ta zura majanyin ta ƙarƙashin ƙirjinsa, ta gicciya shi tsakanin ƙafafun gaba, ta ɗago ta kan kafaɗu, ta zagayo bayan hammata, ta ƙulle a gadon baya. Hannun da ya goyi yara ba ya manta ɗauri. Ta sa yatsa ta gwada, bai matse ba, bai yi sako-sako ba. Ragowar jelar majanyin ta naɗe a hannunta.

Bindigar farko ta tashi a bayan gari. Wadata ya yi tsalle ya zura da gudu, ya fizgi tsohuwa. Ba ta saki ba. Haka ya ja ta har waje, ɗankwali ya faɗi, takalmi ɗaya ya tsaya a ƙofa, tana ta salati. A tsakiyar fili ƙafarta ta harɗe ta zube zaune. Kare ya ja baya, ya murɗa, ya yi duk dabarar da ya saba, ɗauri ya ƙi zamewa. Da ya rasa mafita sai ya faɗa cinyarta ya cusa kai a hammatarta.

Daidai nan wani baƙon maharbi ya ɓullo daga lungu a guje, ya biyo wani jan kare da ya ɓace masa. Ya hangi ja, ya ɗaga bindiga. Mu duka muka yi ihu. Ya tsaya, ya ga majanyi, ya ga tsohuwa ta rungume kare da hannu biyu. Ya sauke bindigar a hankali.

"Inna, naki na?"

Rabin gari na tsaye yana sauraro. Ta ɗaga kai, fuska duk ƙasa.

"Nau na," ta ce.

Maharbi ya ba da haƙuri ya wuce. Jibrilla ya iso yana haki, ya ga abin da ya gani, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai kuma ya fasa. Ya karɓi buta a hannun Laraba, da ɗan ruwan da aka sha wahalar jawowa daga rijiya mai nisa, ya miƙa mata.

"Ungo, matata, wanke hannunki."

Ta karɓa. Can bayan gari bindiga ta sake tashi, kare ya ƙara maƙale mata, harshensa a waje. Ta dubi butar, ta dubi hannunta. Sai ta tara tafinta, ta tsiyaya ruwan a ciki, ta kai bakin Wadata.